Tukunyar da Ta Ɓata Sabulun Umma

Shekara talatin Umma tana yin sabulu, rana guda ta ce ta daina. Ƙanwata ce ta sanar da ni a waya, na taso daga makarantar da nake koyar da kemistiri, ko allin hannuna ban wanke ba.

Na tarar da ita zaune a tsakar gida, ta tasa faranti uku a gaba. Sabulun ya yi toka-toka, ya ƙi daskarewa, sai ka ce kunun da ya kwana.

"Hannuna ya mutu," in ji ta. "Sau uku ke nan. Awon nan dai shi ne, man nan shi ne. Tsufa ne, ɗan nan."

Matar da ba ta iya zaman minti biyar, in ta ajiye muciya me ya rage mata?

Na ce, "Umma, ki sake haɗawa in gani."

"Kai da ko kumfa ba ka taɓa tayarwa ba?"

Ta dai tashi. Sai ga ta da tukunyar alminiyam ɗin da na sayo mata don girki. Ta zuba ruwa, ta kawo sodar sabulu ta zuba, nan take ruwan ya hau tsuwa yana ƙananan ƙwayaye. Na janye ta baya, na leƙa. Cikin tukunyar duk ya ciccinye.

"Ina tsohon bokitinki na roba?"

"Ɗana ya sayo mini sabuwa, in ci gaba da fama da tsohon tarkace?"

Kunya ta rufe ni. Kullum ina rubuta wannan darasin a allo, ban taɓa tsayawa na ga aikin uwata ba.

"Umma, soda cin alminiyam take yi. Ta ƙare ƙarfinta a jikin tukunya, ba ta bar na mai ba. Hannunki lafiya lau. Laifin kyautar da na yi miki ne."

Ta harare ni. "Au, ashe kai ne tsufan!"

Muka zaro bokitin daga bayan ɗaki. Ta sake haɗawa a cikinsa, ta juya, ta juya, har haɗin ya yi kauri, fari sol. Ta ɗaga muciyar, ta daɗe tana kallon yadda yake zuba, idonta ya ciko.

"Matsa mini, Malam," ta ce. "Ina da sauran aiki."