Hoton Cindo a Bangon Kasuwa

"Inna, mi ya sa aka manna ni a bangon kasuwa ba wando?"

Ina tsugune ina wanke shinkafa Cindo ya jefo mani wannan tambaya. Ɗana ne na fari, bai cika shekara biyar ba, kuma yaro ne mai tambayoyin da ba su da kai, don haka ban ko ɗago ba. Na ce ya je ya wanke ƙafafunsa.

"Wallahi ni ne, Inna. Su Hamisu sun ƙirga yatsun. Sun ce sunana ɗan yunwa."

Nan na saki ƙwaryar. Cindo da yatsa shida aka haife shi a hannun hagu, shi ya sa ma ake kiransa haka, kuma duk unguwarmu a Gidan Rumji babu wani yaro mai irin hannun. Na yafa mayafi, na ce ya zo ya nuna mani.

Lokacin kamfen ne. Sojoji sun ce za su miƙa mulki, kowane bango a garin ya sha takardun 'yan takara, wata kan wata. A bangon da ke kallon rumfunan masu hatsi, daidai inda maigidana yake kasa buhunansa in yana gari, na ga abin. Babbar takarda ce mai launi. A gefe ɗaya wani ɗan takara ne da hula da murmushi, ba zan faɗi sunansa ba, bakina ya fi ƙarfin haka. A ɗaya gefen ɗana ne kwance a kan zanena mai ruwan ganye, tsirara, haƙarƙarinsa a waje, cikinsa a kumbure, hannun hagun a buɗe kan ƙirji. An rubuta wani abu da Faransanci a sama, a ƙasa kuma da Hausa: KAR A SAKE.

Wani ya tofa jan yawun goro a gindin takardar, ya gangaro. Na kama hannun Cindo, muka juya gida.

Ni na ɗauki hoton nan da hannuna. A daminar da ta wuce Cindo ya yi ƙyanda, zawo ya biyo baya, ya ƙi abinci har tamowa ta kama shi. Ba yunwa ba ce, ubansa hatsi yake sayarwa. Yayana Haruna yana aikin jinya a Yamai, shi ya ce in ɗauki hoton yaron yadda yake in aika masa ya nuna wa wani lokotoro, wato dakta. Na ari kamarar buro, ofishin da nake aiki, na ɗauka ina kuka, na aika. Allah ya ba yaron lafiya. Hoton ya zauna cikin tsohuwar kwamfutata, ban sake buɗe shi ba, ban kuma iya goge shi ba. Maigidana kansa bai taɓa gani ba.

To yaya aka yi ya hau bango? Ban yi dogon tunani ba, don mutum ɗaya ne ya taɓa riƙe na'urar nan ba ni a wurin.

Ni ce mai buga takardu a haɗakar ƙungiyoyin mata masu sarrafa gyaɗa. Tsohuwar kwamfutar da nake aiki da ita, irin ta ɗauka a jaka, ta gaji. Murfinta da roba nake ɗaure shi, in kuran, wato lantarki, ya ɗauke ita ma ta mutu nan take, ga zafi kamar kaskon tuya. Da na gama tara abin da zan iya, maigida ya cika mani, ya sayo mani sabuwa dal a Katsina wata tafiya da ya yi. Na yi murna, har na hana Cindo zuwa kusa da kwalin.

Da na kunna sai murna ta ragu. Komai na cikinta da Ingilishi yake, ni kuwa lakol, makarantar boko, da Faransanci na yi. Maɓallan ma ba a jere suke irin namu ba, inda yatsana ya saba samun harafi sai wani ya fito. Takardar minti biyar sai ta ci mani hantsi. Aka ce in kai wa Abdurrahaman, mai shagon fotokopi a bakin tasha, shi ne mai gyaran irin waɗannan a garin.

Ya karɓe ni da fara'a. Ya ce zai sauke tsarin da ta zo da shi, ya ɗora mata sabuwar Windos ta Faransanci, ya manna ƙananan takardu a kan maɓallan su koma yadda na saba. Ya ce in kawo tsohuwar ma, ya kwashe duk abin da ke cikinta ya zuba a sabuwar.

Na ce, "Ba zan iya jira a yi a gabana ba?"

Ya yi dariya. "Madam, wanga aiki ba na tsaye ba ne. Sai ta yini tana lodi. Ki tahi gida ki yi ma yara abinci, gobe ki zo ki ɗauki amaryarki."

Washegari na karɓa. Gaskiya aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ya nuna mani inda abubuwa suka koma a sabon tsarin, don duk sun sauya wuri, ya sa mani kalmar sirri, ya sa maganin ƙwayoyin cuta na kwamfuta. Takarduna duk suna nan. Har godiya na yi masa, na aika masa da ƙuli-ƙuli.

Da muka dawo daga kasuwa ran nan, na tarar da surukata, Iya Talatu, zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ashe ta riga ta ji. Na ce mata zan je wurin Abdurrahaman.

Ta ce, "Ke Basira, zauna. Ina kika taɓa ganin uwa ta hita kasuwa tana faɗa kan ɗan fari? Mutane su ce mi? Ki bari ubanshi ya dawo daga Dakwaro."

"Iya, sai bayan kasuwa biyu zai dawo."

"To mi ya yi zahi? Takarda ce. Rana za ta cinye ta."

"Kafin rana ta cinye ta, Iya, sunan ya zauna masa. Yau ɗan yunwa, gobe ɗan yunwa, har ya yi gemu."

Ta dube ni, ta dubi yaron da ya raɓe a bakin ɗaki yana ɓoye hannunsa cikin riga. Ban taɓa ganin ya ɓoye hannun nan ba. Da shi yake yi wa yara alfahari, wai ya fi su yatsu. Iya ta tura gyaɗar gefe.

Ta ce, "Ni ban ce ki tahi ba. Amma in kin tahi, ki bar mani shi nan."

Na sami Abdurrahaman yana cin tsire a kan teburin aikinsa, maiƙo a yatsunsa, yana danna maɓallai da su haka nan. Shagon cike da tarin takardun kamfen na jam'iyyu har uku, duk shi yake tsara musu.

"A'a, Madam! Amarya ta yi gardama?"

Na ce, "Malam Abdurrahaman, wa ya ba ka hoton ɗana?"

Bai ko razana ba. Ya lashe yatsa ɗaya, ya lashe na biyu. "Af, wanga? Ai na so in gaya maki. Mutanen ne suka zaka suna neman hoton yaro mai tamowa, na Intanet duk ba su hita da kyau ba, kuma ba yaranmu ba ne. Sai na tuna da naki. Ki ga yadda ya hito tar. Hannunki na da kyau wajen ɗauka, wallahi."

"Ka tuna da nawa. Wato ka buɗe ka duba."

"To in ban duba ba ta ƙaƙa zan san komai ya kwafu? Aiki ne. Kuma ba a sa sunanshi ba. Ba ya warke ba? Alhamdulillahi. Taimakon ƙasa ne ya yi tun yana ƙarami."

Wasu samari biyu da ke jiran fotokopi suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na juya na ce, "Kai mai jar hula, na san uwarka, tare muke suyar ƙuli. In kawo hotonka ranar kaciya a manna kusa da shi?" Dariyar ta tsaya. Ɗayan ya fice.

Na ce wa Abdurrahaman ya buɗe babbar kwamfutarsa ya nuna mani inda ya ajiye. Ya fara cewa kuran ba ƙarfi. Na ja kujera na zauna a ƙofar shagon, na ce ba mai shiga, ba mai fita, kuma daga nan wurin jandarma na nufa, in ya so ya yi musu bayanin taimakon ƙasa. Da ya ga mutanen tasha sun fara taruwa, ya goge hannu a wandonsa ya buɗe.

Abin da na gani ya fi na bangon muni. Jaka ce mai sunana, komai nawa a ciki: takardun haɗaka, hotunan bikin sunan ɗan ƙanwata, ni kaina a ɗaki ba ɗankwali ina yi wa wata tsifa. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Jakunkuna ne jere har ƙasa, kowace da sunan mai ita. Ga ta malamin lakol, ga ta ungozomar likita, wato asibitin garin, ga ta wata matar aure da muke gaisawa kullum. Duk wanda ya taɓa kawo masa na'ura gyara, ya bar masa cikin gidansa bai sani ba.

Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Ungulu ma sai abu ya mutu take sauka."

"Don tsaro ne, Madam. In taku ta lalace, ga shi a wurina."

"Wa ya sa ka tsaron?"

Na tsaya a kansa ya goge tawa, na sa ya buɗe kwandon sharar kwamfutar ya zubar. Na ce ya kawo 'yar na'urar ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, wadda ya kwashe kayan da ita, ita ma ya share. Sauran jakunkunan ban taɓa ba, ba nawa ba ne, amma kafin la'asar na bi gida-gida na gaya wa masu su. Abin da ya faru a shagon washegari ba ni na yi ba, ungozomar ce da mijin waccan matar, kuma ban ji tausayinsa ba.

Saura bango. Na koma kasuwa da bokitin ruwa da wuƙar kankare tukunya. Ina cikin kankarewa wani matashi mai rigar jam'iyyar ya taso yana cewa ina ɓata musu kamfen, wa ya aiko ni, ta wace jam'iyya ce ni.

Na ce, da ƙarfi yadda masu hatsi duk za su ji, "Ni ce uwar yaron. Ɗana ne na fari. Ka matsa ko in haɗa da rigarka."

Ban taɓa faɗin haka a bainar jama'a ba, kunya ba ta bari. Wani dattijo mai sayar da wake, abokin maigida, ya tashi ba tare da ya dube ni ba, ya karɓi wuƙar, ya kankare na saman da hannuna bai kai ba. Muka bi tasha, muka bi bakin likita, muka cire duk wanda muka gani. Da na dawo gida na ce wa Cindo an cire, babu sauran. Ya ce, "Duka duka?" Na ce duka.

Na ɗauka gaskiya na faɗa masa.

Bayan zaɓe aikin haɗaka ya kai ni Sae Sabuwa. Na sauka daga kabu-kabu da yunwa, na tsaya wurin wata mai ƙosai a bakin hanya. Ta yago takarda daga tarin da ke ƙarƙashin dutse kusa da ita, ta zuba mani, ta barbaɗa yaji. Na ɗauki ɗaya, na ɗauki na biyu. A ƙarƙashin na uku sai ga ɗan hannu, mai ya jiƙa shi har ya yi sheƙi, yatsu shida a buɗe.

Na juya gefen hanya na amayar da abin da na ci. Matar ta tsorata, tana rantsuwa man nata sabo ne. Na tambaye ta inda ta sami takardun. Ta ce ragowar kamfen ne, a Maradi aka buga su da yawa, bayan zaɓe yara suka kwaso suna rabawa masu tuya. Ta ce har Gangara an kai, ƙanwarta a can da su take ƙunshe awara. Na karɓi tarin nata gaba ɗaya, na ba ta tsofaffin takardun buro da ke jakata a madadinsu, na ƙone su a murhunta ina tsaye. Na Gangara da na sauran ƙauyuka kuwa, ban san hannun da suke ba, kuma ba ni da ƙafar da zan bi su. Cindo dai ya daina ɓoye hannunsa. Ban gaya masa ba, ba zan kuma gaya masa ba.

Ke da za ki sayi sabuwar kwamfuta, ko kai, ku ji ni da kyau. Kafin tsohuwar ta bar gidanku, ku kwashe abin da ba ku so idon bare ya gani, da hannunku, ku goge shi daga cikinta. In mai gyara ya ce ku tafi gida ku dawo gobe, kada ku tafi. Ku ja kujera ku zauna kusa da shi, ko da tuwon dare zai makara. In ya ƙi, ku ɗauki kayanku ku fita.