Murfin Tukunya

Duk taken binciken da ɗalibar ta kawo, malamar da ke duba aikinta sai ta ja masa jan biro. Wasa da koyo? An yi. Waƙa a ajin raino? An yi shi har ya fita kai.

"Ke dai ba ki rabo da kwashe-kwashe," in ji malamar. "Ga wanda na ba ki tun farko, yaran da ke jinkirin magana. Me ya tsone miki ido a ciki?"

Ɗalibar ta sunkuyar da kai. Ta san abin da ya tsone mata ido. Autarta ta haura shekara uku, ko "Mama" ba ta taɓa cewa ba. Kakar yarinyar ta ce haka jininsu yake, uban ma sai da ya yi wayo bakinsa ya buɗe, ga shi yanzu ya hana kowa sakat da surutu. A kan wannan maganar gidan ke zaune, kowa ya riƙe ta gam. Ita kuwa tsoro take ji, tsoro mai hana cin abinci.

Malamar ba ta san da wannan ba. Ta ja ta zuwa ajin raino na kwalejin, inda kujerun ba su kai gwiwa ba.

"Kafin ki ce yaro na da nauyin baki, ki fara da kunne. Ki tsaya a bayansa, kar ya ga ko inuwarki. Duba nan."

Ta lallaɓa bayan wani yaro mai jera murafun kwalba, ta tafa hannu. Yaron ya zabura, ya juyo yana harararta, ajin ya kwashe da dariya.

"Kin gani? Aiki ba wuya. Samo mini yaro guda ki gwada, sai in sa hannu."

Da ɗalibar ta koma gida ta tarar da Auta zaune a ƙofar kicin, ta ba ta baya, tana cusa tsumma cikin takalmin babanta. Uwar ba ta ko ajiye jaka ba. Ta ce a ranta gwaji ne kawai, don hannu ya saba.

Ta kira sunanta. Ta tafa hannu. Sannan ta ɗauko murfin babbar tukunya ta sake shi a kan siminti.

Ƙarar ta kori kajin maƙwabta. Kakar ta fito da gudu ɗankwali a hannu. "Ke lafiya? Za ki kashe mu ne?"

Auta na nan tana cusa tsummanta.

Kakar ta dubi murfin, ta dubi bayan yarinyar, ta jingina da bango.

Wayar ta yi ƙara a cikin jaka. Malamar ce. "Na manta ban ce ba, in ba ki samu yaro ba sai in tambaya miki."

"Ki bar shi, Malama," in ji ta. "Na samu."