Ƙyallen Atine

Da hantsi Hanif ya dawo mini da gwangwanina. Tun daga bakin ƙofa yake murmushi, irin na wanda ya yi aikin lada.

Hanif ɗalibi ne, yana digiri na uku a nan Doha a kan siyasar Arewa. Ni kuwa tsohon malamin tarihi ne. Bayan rasuwar matata Atine, 'yata Kezia, wadda ke aikin nas, ta kwaso ni daga Zonkwa ta ajiye a wani ɗaki a Al Muntazah kamar tsohuwar rediyo. Ban zo da komai ba sai littattafai da wannan gwangwani na lambobin jam'iyyu da na shekara arba'in ina tarawa: tauraron NEPU, fartanyar NPC, gida da masara, doki, mikiya. Kowace ta yi alkawari, kowace ta yi tsatsa. Hanif ya are su na mako guda don baje koli a makarantarsu. Na yarda ne saboda ya san bambancin NEPU da PRP, abin da ya gagari wasu masu furfura.

Na buɗe murfin, sai walƙiya ta doke ni.

"Baba, ka ga yadda suka fito? Lemun tsami da toka, yadda Hajiyarmu ke wanke tire. Tokar ma sai da na je Al Asmakh wurin masu gashin nama."

Na shiga tona lambobin. Mabuɗi nake nema, lambar PRP. Na same shi, na juya bayansa. Fil ɗin fes.

"Ina ƙyallen?"

"Wane ƙyalle, Baba?"

"Shuɗi. Bai kai farce biyu ba. Yana maƙale a fil."

"Au, wannan tsumman? Ai na cire. Yana ɓata hoto."

Na ce ya zauna. Na ba shi darasin da bai nema ba. A 1979 matan Arewa suka fara zaɓen shugaban ƙasa. Atine tana da shekara goma sha tara, watanmu huɗu da aure. Ta maƙala mabuɗin nan a ɗankwalinta ta shiga layi. Wani ɗan bangar wata jam'iyya ya kai hannu ya fizga. Ita ma ta riƙe. Ɗankwali ya tafi da shi, mabuɗi da guntun ƙyalle suka zauna a tafinta. Haka ta kaɗa ƙuri'a, kai a buɗe, a garin da matar aure ba ta zuwa ko rijiya haka. Jam'iyyar ba ta jima ba ta dare gida biyu, manyanta suka shiga zagin juna. Atine ba ta taɓa barin kowa ya taɓa ƙyallen ba, har ni.

"Wallahi ba ka faɗa mini ba, Baba."

Gaskiyarsa ce, kuma ita ta ƙara tunzura ni.

"Kai ka tambaya? Malam mai bincike! Ka ga tsumma ya shekara arba'in da biyar a jikin fil, bai zo maka ba cewa wani ne ya bar shi? Da sun ba ka takobin Bayajidda ma da ka kai wa maƙeri ya wasa."

Ya zaro waya, ya kira mai sharar zauren da aka yi baje kolin. Ina jin amsar daga inda nake: tun Talata aka kwashe sharar, khalas, zance ya ƙare.

A ƙasan gwangwanin na ga katin da ya ajiye gaban mabuɗin a wurin baje kolin. Ya rubuta da kyakkyawan hannu: "Lambar jam'iyya, 1979. Ba a san mai ita ba."

Mako guda mutane suna wucewa suna karanta wannan.

"Juya katin," na ce. "Ɗauki biro."

Na faɗa, yana rubutawa: sunanta, sunan ubanta, garin, launin ɗankwalin, da abin da ta ce wa ɗan bangan, wanda ban taɓa jin ta maimaita a coci ba. Da ya zo nan ya ɗago kai.

"Har da wannan, Baba?"

"Shi ne ma tarihin."

Na karɓi katin, na soke shi da fil ɗin, daidai inda ƙyallen yake. Mabuɗin yana ta ƙyalli kamar ba a taɓa yin faɗa a kansa ba. Na rufe gwangwanin.

Ya miƙe yana neman bakin ba da haƙuri. Na ce ya ja mini ƙofa.