Dawar Cikin Jinka

A kasuwar Gwaram labarin ya iske Dada, tana tsugune gaban mai kanwa tana zaɓen ta kunun jego. Kwananta ashirin da shida ke nan a garin, tana yi wa 'yarta Zahara'u wankan haihuwa. Ɗanbala mai tabarmi, mutumin garinsu Sundimina, shi ya hango ta, ya taho baki har kunne yana yi mata barka. Ta zaci barkar haihuwa ce, ta amsa. Ashe ba ita ba ce. Ya ce ai ɗanta Haladu ya zo daga Kano da buhunan siminti da kwanon rufi, sun taru shi da matarsa Hapsatu da maigidanta Malam Barau suna gyara mata madafi. Ko magini ba su ɗauka ba, da hannunsu suke yi, wai so suke ta dawo ta gani kawai. Tsohuwar jinkar ma tuni an sauke ta.

Kanwar da ke hannun Dada ta faɗi ƙasa.

"An sauke me?"

"Jinkar madafin, Dada. Yau kwana biyar."

Ɗanbala ya ci gaba da zuba, yana yabon ɗa mai albarka, ita kuwa ko kalma ɗaya ba ta ƙara shiga kunnenta ba. Ta dafa rumfa ta miƙe.

Abin da Ɗanbala bai sani ba, abin da duk duniya babu wanda ya sani sai ita da Mahaliccinta, shi ne akwai dawa a cikin wannan jinka. Zangarniya sittin, zaɓaɓɓu, ta ƙunshe su a tsohon zane ta cusa can cikin ciyawa daidai saman murhu, inda hayaƙi ke korar ƙwari. Irin gidansu ne. Da shi aka kawo ta daga Kwandiko tana amarya, Malam ya gwada a gonarsa ya ga yana nuna da wuri ko ruwa ya ɗauke, daga nan bai ƙara shuka wani ba. A gidan 'yar Kwandiko suke ce masa.

Sai farin bara ya zo, shekarar da aka fara kashe naira. Aka ci na rumbu, aka ci na randa, aka sayar da saniya. Ranar da Malam ya ce a sauko da iri a daka, Dada ta riga shi, ta zare sittin ɗin nan ta ɓoye. Bayan nan aka koma cin ganyen tafasa da dusa. Sau uku Malam yana tambayarta ko akwai sauran wani abu a gidan, sau uku tana kallon ƙasa tana cewa babu. 'Yan'uwanta na Kwandiko sun cinye nasu, maƙwabta da suka taɓa karɓa sun cinye. Ita kaɗai ta rage da shi, tana jiran ranar ruwan shuka ta kwance zanen a gaban Malam. Wannan ranar ce ta riƙe ta shekara guda, ga shi saura bai fi wata ba.

Ta koma gidan Zahara'u ta ɗaure ƙullinta. Maijego ta yi ta tambaya ko mutuwa aka yi, Dada ta ce lafiya lau, gida kawai za ta leƙa. Ta sami akori-kura mai zuwa Birnin Kudu, aka cusa ta tsakanin buhunan gawayi da wata akuya. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta yi wa kanta wani sabon lissafi. Wataƙila sun jingine jinkar a bayan gida. Wataƙila Malam ne ya hau ya kwance, shi kuwa ko a makance ya taɓa zangarniya zai san iri ne. Sai kuma ta tuna Malam ba ya hawa ko kan jaki saboda ciwon gwiwa.

Haladu take tsoro. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, tun yaye kuma kawunsa ya ɗauke shi Birnin Kudu ya sa shi boko. Yanzu shi ke rubuta sunayen leburori a wani kamfanin titi, da agogo a hannu da wando mai faɗin ƙafa. Yaro ne mai kirki, wannan ba a musu. Amma ka ba shi gero da maiwa ka ce ya raba, sai ya nemi takarda. Ita kuwa Hapsatu 'yar tela ce, a cikin gari ta tashi, hatsi a mudu ta san shi.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta sauka a Sundimina. Tun daga bakin rijiya ta hango sabon kwanon yana walƙiya a saman katangarsu, har yana kashe ido. Matan da ke ɗiban ruwa suka yi ta yi mata barka da arziki, tana amsawa ba ta san me take faɗa ba.

Da ta shiga gida sai ta tsaya cik. Madafinta na shekara talatin babu shi. A wurinsa ga wani ɗaki mai kusurwa huɗu, an ɗaga bango, an buga kwano, an fasa taga har biyu. Ƙasa daɓen siminti sumul. Duwatsun murhunta uku suna yashe a gindin danga, an gina wani murhu mai tsawo, a gefensa ga sabon risho ko kwali ba a gama cire masa ba. Gaban ɗakin an shafe shi da farar ƙasa. Gaskiya aikin ya yi kyau, ba don bangon gabas ya ɗan karkace ba, wanda da gani aikin Malam ne.

Suka fito mata su uku, duk sun yi furu-furu da ƙura. Haladu ya durƙusa ya gaishe ta yana cewa wane mai dogon baki ne ya tona musu asiri. Ya shiga nuna mata tagogi, ya ce daga yau ta bar zubar da hawaye a hayaƙi, tarin nan da take yi ma zai tafi. Malam na zaune a kan turmi yana murmushi yana shafa gwiwa, ya ce rabonsa da cuɗa ƙasa tun yana saurayi.

Dada ba ta iya kallon ɗan fari ta yi masa tambaya, sai ta juya ga Hapsatu. Ta daure ta sassauta murya ta ce ina aka kai tsohuwar jinka.

Haladu ne ya amsa da fara'arsa. Ya ce ai ta ruɓe, kunkunniya ce zalla, sun ja ta bayan gari sun cinna mata wuta, tokar ma Malam ya watsa a gona.

Dada ta nemi wuri ta zauna a ƙasa, ko tabarma ba ta jira ba. Suka ɗauka gajiyar mota ce. Hapsatu ta ruga ta hura wuta, kafin wani lokaci ta fito da kwanon sha cike da kunu mai zafi, ta durƙusa ta miƙa mata, ta ce da ma an ajiye garin ne musamman saboda ita, don ta fara ɗanɗana girkin sabon ɗaki. Dada ta karɓa don kada a ga rashin godiyarta. Ta kurɓa sau ɗaya.

Bakinta ya gane kafin hankalinta ya kai. Zaƙin nan mai ɗan bauri a ƙarshe, ga ƙanshin hayaƙi a ƙarƙashinsa. Shekara guda rabonta da shi. Ta ajiye ludayin a hankali.

"Hapsatu, ina kika samo wannan dawar?"

Yarinyar ta yi dariya, ta ce ai ta Dada ce. Ranar da aka sauke jinka Malam ya tafi Birnin Kudu sayen ƙusa, su kuwa suna kwance ciyawa sai ga wani ƙulli ya faɗo, baƙi ƙirin. Suka ce lallai Dada ta manta da shi ne tun shekarun baya. Haladu ya ce a irin wannan shekara ko ƙwaya ɗaya ba a yar da ita. Sai ta sussuke, ta wanke har sau uku, ta surfa, ta daka. Da garin aka yi tuwo aka ciyar da maƙwabtan da suka kama ɗaga azara, Malam ma ya ci malmala biyu yana santi.

Murmushin Malam ya ɗauke. Ya dubi kwanon, ya dubi Dada, ya sa hannu ya ɗauki ludayin ya ɗanɗana, ya daɗe da kunun a baki bai haɗiye ba. Ranar da ya ci tuwon ya ji wani abu, amma ya ɗauka kewa ce ke yi masa gizo, don ya san 'yar Kwandiko ta ƙare a duniya.

"Iri ne?" in ji shi.

"Iri ne, Malam. Sittin."

Hapsatu ta dafe ƙirji ta zame ta zauna. Haladu bai gane ba tukuna, ya ce in dai iri ne ai ranar kasuwa sai ya sayo buhu guda, wanda ma ya fi wannan. Sai da uban ya gaya masa a gajarce cewa wannan ba a sayar da shi a kowace kasuwa, kuma wanda suka ci shi ne na ƙarshe, sannan ya gane. Ya tsaya riƙe da cokalin magina, ya rasa inda zai ajiye shi. Dada ta ji tausayinsa, ta kuma ji haushinsa, irin haushin da ba ta da damar furtawa.

Ita ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta tambayi Hapsatu a ina ta yi sussuka, ko ƙwaya ta tarwatse a ƙasa. Hapsatu tana kuka ta nuna cikin ɗakin, daidai inda siminti ya shafe. To ƙaiƙayin fa? Dada ta san hannun yarinyar a sheƙa, rabin tsaba take bari a ciki, sau nawa tana yi mata faɗa a kai. Haladu ya ce da murya ƙasa-ƙasa, ƙaiƙayin shi ya kwashe ya zuba a ƙasar yaɓe, da ciyawar haɗi ta kasa musu. Da ita aka yaɓe bangon baya shekaranjiya waccan, gobe ne ma zai bi shi da siminti.

Dada ta tashi ta zagaya bayan ɗakin, suka bi ta. Wajen inuwar danga ce, rana ba ta kai wa sosai, yaɓen bai gama bushewa ba. Daga sama babu komai sai ƙananan zare-zare da suka leƙo suka ƙone. Amma can ƙasa, daga gwiwa zuwa tushe, bangon ya fitar da tsiro. Kore shar, ƙanana kamar allura, nan ɗaya can biyu. Dada ta durƙusa tana kallonsu, ta kasa taɓawa.

Ta ce, tana kallon bango ba Haladu ba, in aka bar su nan jibi sun mutu, kuma ba sa ciruwa da yatsa, saiwar tana can ciki.

Haladu ya duba bangon da ya kwana huɗu yana bi da magwaji. Ya cire agogo ya miƙa wa matarsa, ya ɗauko fartanya. Da sara na uku wani ɓangare ya ɓalle, tsaga ta haura har gindin taga, farar ƙasar gaba ta fara zubowa. Maƙwabta suka leƙo ta kan danga suna salati, suna tambaya ko yaron nan ya taɓu ne. Hapsatu tana karɓar ɓaraguzan a faifai, Dada tana ɓare su da farce a hankali. Da yawa suka karye a hannunta. Waɗanda suka fita da saiwarsu goma sha huɗu ne.

Ta dasa su a bayan randa inda ƙasa ke da laima, ta kife su da tsohon kwando saboda kaji. Ko za su kai damina, ko ba za su kai ba, ba ta sani ba. Tana nan tsugune Malam ya zo ya tsaya a kanta. Ya bari yaran suka koma gaban gida, sannan ya sunkuyo.

"Watan da muka yi muna cin dusa, har na kwanta kuka ɗauka tafiya ce, yana nan a saman murhu?"

"Yana nan."

"Kina dama mini dusa a ƙarƙashinsa."

"E, Malam."

Ta jira ya ce ta cuce shi, ko ya ce ta kyauta, ko wanne ne ma za ta ɗauka. Ya daɗe yana kallonta kamar yau aka kawo ta gidan. Sannan ya ɗaga kwandon ya leƙa, ya mayar ya rufe, ya ɗauki guga ya nufi rijiya ɗebo wa tsiron ruwa yana ɗingishi. Dada ta bi bayansa da ido, sai a lokacin kukan da ta riƙe tun daga Gwaram ya ƙwace mata.