Ranar da Injin Matata Ya Yi Shiru

"Miƙo mini takalmana," in ji Baba Manjagara, yana kokawar sauko da ƙafafunsa daga gado.

Malama ta ajiye kofin magani a kan kujera, ta dafa kafaɗarsa. Ƙashi ne zalla a ƙarƙashin rigar. Katanga ɗaya ce ta raba ɗakinta da nasa, kuma wata uku ke nan tana jin tarinsa yana ƙara zurfi.

"Baba, ina za ka? Ko bakin ƙofar nan ba za ka kai ba."

"Ba ki ji ba? Injin ya yi shiru."

Ta kasa kunne. Gaskiyarsa. Gurnanin matatar ruwan ƙazanta da ke bayan layinsu, wanda kowa ya saba da shi har ya daina jinsa, ya ɗauke ɗif.

Shekara ashirin da shida ya yi a matatar yana kwashe tsummoki da leda daga bakin raga da manjagara, har sunan ya bi shi. Ya san abin da shirun ke nufi. In injin ya tsaya, tankuna kan cika cikin awa guda, sai a buɗe ƙofar gefe, ruwan masai na garin gaba ɗaya ya gangara rafi ba tacewa. A takarda, ba a taɓa buɗe ƙofar nan ba. Amma duk ranar da aka buɗe ta, Baba kan jingine manjagara, ya gangara da ƙafa ya gaya wa matan da ke wanke kayan lambu a rafin.

"Yau kasuwa ke ci," ya ce, numfashinsa na sarƙewa. "Suna cikin ruwa tun da sassafe. Sabon yaron da suka ɗauka ba zai je ba."

Ran Malama ya ɓaci.

"Ka ga abin da nake faɗa? Wasiƙa bakwai na rubuta wa hukuma, na roƙe ka ka sa hannu ko a ɗaya, ka ƙi. Kai kake rufa musu asiri, Baba! Ba don zaryar nan taka ba, da tuni wani ya mutu an gyara injin."

Ya ɗago ido ya dube ta.

"Ɗan wa kike so ya mutu, 'yata?"



"Ƙyale shi da zancen wasiƙa," in ji Iya, matarsa, daga gefen gado. "Da ya dangwala musu yatsa sun kore shi, wasiƙar za mu dafa mu ci?"

Malama ta zura silifas ta fita.

A ƙofar matatar maigadi na zaune a benci yana yanke farce. Wari ya riga ya canza, ya yi nauyi.

"Ana kan gyara, Malama," ya ce tun ba ta tambaya ba.

"Shekara nawa kuke kan gyaran?"

Ba ta tsaya jin amsa ba. Ta bi gefen shingen waya, ta wuce filin da ake shanya laka, ta gangara da gudu, gefen zaninta a hannu.

Mata sun kai goma sha biyar a rafin, ruwa iya gwiwa, suna ɗauraye latas da karas da kabeji. Wata na wanke wa jaririnta fuska.

"Ku fito! Za a buɗe!"

Babbarsu, wadda ake kira Uwar 'Yan Latas, ta miƙe tana riƙe da ƙugu.

"Ikon Allah! Malama, yaushe kika bar alli kika koma gidan wari?"

Aka kwashe da dariya.

"Baba Manjagara ne ya aiko ni."

Dariyar ta tsaya. Ba wadda ta ƙara tambaya. Suka shiga jan kwanduna zuwa tudu, Malama ta tattare zani ta shiga ta kama musu. Suna aza na ƙarshe ruwan ya iso, baƙi wuluk, da kumfa a kansa, ya rufe duwatsun da suke tsaye a kai ɗazu.

"Shi yana ina?" in ji Uwar 'Yan Latas.

"Yana kwance."

"Ki ce muna gaishe shi. In an tashi kasuwa za mu shigo."

Da Malama ta dawo, ta tarar da Iya zaune a dokin ƙofa, hannuwanta a cinya. Ba tari a ɗakin.

"Ya cika, 'yar nan. Ko layin ba ki gama fita ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Ya ce in kin dawo in tambaye ki ko sun fita."

"Sun fita, Iya. Dukansu."

Iya ta gyaɗa kai. Ta dafa bango ta miƙe, ta ɗaga labule ta shiga. Malama tana kallo ta durƙusa a gaban gadon, ta janye mayafin da ta rufa masa kaɗan, ta kai bakinta kusa da kunnensa.