Kuɗin Fita Ƙofa

Shiru ake ce masa tun yana yaro, kuma sunan ya bi jiki. Aikinsa yi wa shanu allurar rigakafi a garkunan da ke bayan duwatsu, inda kwalta ke ƙarewa ta bar mutum da rairayi da kwazazzabai. Shanu sun sha take masa ƙafa, bai taɓa ɗaga wa ko ɗaya sanda ba. Abin da ya gaji da shi kawai tsohon babur ɗinsa ne, na yawon gari, wanda da ya shaƙi rairayi sai ya hau tari ya mutu, a koma turi da akwatin magani a baya har ƙanƙarar ciki ta narke. Shi ya sa ya daɗe yana tarin kuɗi, har ya sayar da filin da ya gada, don ya sayi babur na shiga daji, mai dogayen ƙafafu da taya mai haƙora.

Ya gan shi a shagon wani babban dila, ja, an rataya masa farashi a wuya. Ya ba da kafin alƙalami, aka ce ya dawo da cikon ya ɗauka.

Ranar ɗauka wansa ya ce sai ya raka shi. Guduma ake kiran wan nasa, mai fasa dutse ne, kuma hannunsa ba ya bambance dutse da muƙamuƙi. Ya taɓa zaman gidan yari a kan hakan, alƙalin da ya sake shi kuwa ya ce idan ya sake ganin fuskarsa, to ya yi ban kwana da hasken rana. Mahaifiyarsu ta tare su a bakin ƙofa.

"Kai babba, hannunka a aljihu. Ka yi min alkawari."

"Na yi, Inna. Ni tsohon babur kawai zan dawo da shi gida, in ya yarda ya zo."

Shagon gilashi ne tun daga sama har ƙasa, da sanyin na'ura da ƙamshin sabuwar roba. Babura a jere kafaɗa da kafaɗa, kowane ya jingina kan ƙafarsa ɗaya. Manajan ya tarbe su da fara'a, ya sa aka kawo musu ruwan sanyi, sannan ya juyo da fuskar kwamfutarsa wajensu. Shiru ya duba lambar da ke ƙasa, ya sake dubawa. Ta ɗara abin da ke wuyan babur da kusan kashi ɗaya cikin uku.

"Ranka ya daɗe, ina jin na wani ne wannan."

"Naka ne. Wancan da ka gani farashin babur ne a cikin kwali. Akwai kuɗin dako, akwai kuɗin haɗi, tunda ba a haɗe yake zuwa ba. Ga na takardu, ga na gwaji. Wannan kuma ƙarin kasuwa ne, don irinsa nema ake yi."

"Na ƙarshen nan fa?"

"Kuɗin fita ƙofa."

Guduma ya yi dariya ta hanci. "Ita ƙofar nawa ce, mu saya mu huta?"

Manaja bai ko dube shi ba. Shiru ya ce ranar da ya ba da kafin alƙalami a haɗe ya ga babur ɗin, har da ƙura a kan tankinsa, kuma ba wanda ya ambata masa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Manaja ya ce ai bai tambaya ba. Shiru ya ce to a ba shi a kwalin, zai haɗa abinsa. Manaja ya ce dokar kamfani ta hana.

"To a mayar min da abin da na bayar."

"Kafin alƙalami ba ya dawowa, malam. In ka cika, ka hau. In ba ka cika ba, akwai masu jira."

Rabin kuɗin filin ne ke cikin durowar mutumin nan. Shiru ya shiga roƙo cikin sanyin murya, yadda yake lallashin makiyayin da ya ƙi allura, manaja kuwa ya mayar da kwamfutarsa ya soma latsa waya. Guduma ya miƙe, hannuwansa biyu cikin aljihu.

"Malam, ƙanina magana yake maka."

Manaja ya ɗago ya ƙare masa kallo, sai ya yi murmushi. "Au, kai ne na gidan yari ko? Na san ka. Taɓa teburin nan ka ga inda za ka kwana." Ya ɗaga murya. "Mai gadi, fitar min da su."

Mai gadin ƙato ne, da kulki a ƙugu. Ya zo ya cafki wuyan rigar Guduma ya jijjiga shi. Guduma bai motsa ba, jijiyoyin wuyansa kawai suka tashi. Mai gadi ya ga dutse ya ƙi gusawa, ya ɗauke shi da mari. Ƙarar ta cika shagon, wata mata da ke duba hular kwano ta ja ɗanta baya. Hannuwan Guduma na nan inda Inna ta ce ya ajiye su. Mai gadi ya zaro kulki ya sauke masa a baki. Leɓen ya fashe, jini ya zubo kan farin tayil, haƙori ɗaya ya biyo shi yana ƙara kamar tsakuwa.

Shiru bai san lokacin da ya tashi ba. Akwai wata hular kwano a kan teburin, ta talla, ya same ta a hannunsa ya riƙe ta ta igiya. Ya juya ta da duk ƙarfin da yake kayar da bijimi, ta sami mai gadi a gefen fuska. Mutumin ya yi tangaɗi. Shiru ya ƙara masa, gilashin hular ya tarwatse. A ta uku mai gadi ya zube kan babur na farko a layi, wannan ya faɗa kan na kusa da shi, haka suka riƙa kwantawa ɗaya bayan ɗaya da ƙarar ƙarfe da fashewar madubai, har na ƙarshe ya daki gilashin gaban shagon. Gilashin ya tsage daga sama, ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya zubo gaba ɗaya.

Manaja ya zabura zai shige ofishin ciki. Shiru ya haye teburin ya damƙo shi ta ɗamarar wuya, ya buga fuskarsa a kan kwamfutar. Ya ɗago shi, ya sake bugawa. Hancin ya baje, jini ya wanke lambobin.

"Wannan na dako ne," in ji Shiru, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar kullum. Ya ƙara. "Wannan na haɗi."

"Ƙanina, ya isa." Guduma ne, yana magana da baki cike da jini. "Shiru, sake shi."

Amma wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Makanikan shagon suka fito daga garejin baya, su uku, ɗaya da sifana mai tsawon hannu, ɗaya da sarƙar babur. Sarƙar ta fara sauka a bayan Shiru, ta yage riga ta tafi da fata. Ya saki manaja ya juyo, ya soka wa mai sarƙar kai a ƙirji, suka faɗi tare cikin fasassun gilasai suna birgima. Ya ji gilashi na shiga gwiwarsa, bai ji zafi ba. Ya sami kunnen mutumin a bakinsa ya ciza har sai da ya ji gishiri. Ya kai hannun hagu zai dafa ƙasa ya tashi, nan sifanar ta sauko a kan wuyan hannun. Ƙarar da ya ji irin ta busasshen kara ce idan an taka shi. Hannun ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa.

Suka rufe shi da duka, takalmi a haƙarƙari, takalmi a ka. Can sai ya ji nauyi ya danne shi, duhu ya rufe shi, dukan kuma ya daina isowa gare shi ko da yake yana jin saukarsa. Guduma ne ya kwanta a kansa, ya rungume shi da jikinsa duka. Sifana da sarƙa suna sauka a gadon bayansa, yana gurnani a kunnen ƙaninsa, bai rama ko sau ɗaya ba. Haka 'yan sanda suka same su.

Da suka shigo ba su tambayi kowa ba. Sajan ɗin ya ga Guduma, ya ga shagon, ya ciro ankwa.

"Kai dai ba ka ji. Tashi."

Manaja na zaune a ƙasa ya toshe hanci da hankici, ya kau da kai. Shiru ya yunƙura ya zauna, yana tallafe da hannunsa kamar ɗan akuyar da aka haifa yanzu.

"Ba shi ba ne. Ni ne."

Sajan ya dube shi, siririn mutum mai tabon gilashin ido a karan hanci, ya yi tsaki. "Rufa wa ɗan'uwanka asiri kake so ka yi? Kai ko kaza ka iya yankawa?"

"Yallaɓai, gaskiya ya faɗa." Matar nan ce mai yaro, tana raɓe a bayan kanta. "Babban ko yatsa bai ɗaga ba. A gabana aka fasa masa baki yana tsaye. Ku duba kyamararsu mana, ga ta can."

Sajan ya daɗe yana kallon ankwar da ke hannunsa. Daga baya ya ƙyale Guduma, ya nufo Shiru, ya rasa inda zai maƙala ta, don hannu ɗaya ya kumbura ya yi kamar tulu. A ƙafa ya sa masa, da aka kai shi asibiti ya haɗa da ƙarfen gado.

Ɗaki ɗaya aka kwantar da shi da mai gadin, gado na kallon gado. An naɗe wa mutumin rabin fuska, likita ya ce ƙashin kunci ya karye kuma idon hagu sai abin da Allah ya yi. Matarsa tana zuwa da 'ya'ya ƙanana, su tsaya a bakin gado suna kallon Shiru. Wannan kallon ya fi sarƙar ciwo. Shi da ya yi shekaru yana ɗinke raunin dabba, ga abin da hannunsa ya yi wa fuskar mutum. Wata rana da rana, bayan masu dubiya sun watse, ya ce, "Sannu." Mai gadi ya juya masa baya. Sai da aka kusa sallamarsa ya yi magana, yana kallon silin.

"Sun kore ni, ka sani? Wai ni na jawo. Har kuɗin kulkin sun cire a albashina."



Inna ta zo, ta zauna a gefen gado, ta dubi bakin babban da bayansa da ya zama kamar gonar da aka yi wa huɗa, ta dubi ƙaramin da ankwa a ƙafa.

"Ashe ba wanda ya kamata ba ne na sa ya yi alkawari," in ji ta.

Guduma ya so ya yi dariya, ɗinkin leɓensa ya hana.

Maganar ba ta yi nisa a kotu ba. Lauyan dilan ya ga hoton kyamara, ya ga wanda ya fara duka, ya kuma gane cewa za a karanta jerin kuɗaɗen nan a gaban jama'a, sai ya nemi sulhu. Kafin alƙalamin ya tafi a gilashi da madubai. Cikon da Shiru ya zo da shi a jaka, alƙali ya ce a biya wa mai gadi magani da shi, Shiru bai yi musu ba, har ya ƙara da abin da ya samu da ya sayar da tsohon babur ɗin. Duk da sulhun an yanke masa wata uku saboda raunin mai gadi, ya yi su. Manajan yana nan a kujerarsa da hanci a karkace, kuma an ce yanzu a ƙasan kowane farashi akwai wani ɗan rubutu da sai mai kaifin ido ke iya karantawa.

Hannun ya ɗoru, amma yatsun ba sa matsuwa sosai, ba zai iya jan kulocin babur ba. Da ya koma aiki, Guduma ya karɓi babur ɗin wani abokinsa haya, ya rage kwanakin fasa dutse. Shi ke tuƙi, Shiru na baya rungume da akwatin magani, su ratsa rairayin suna zamewa. Idan babur ɗin ya kafe, su sauka su tura tare, Guduma na zagin injin ta gurbin haƙorinsa, makiyaya na hango su daga nesa suna tattaro shanu.