Sunan da Na Cire Daga Katin Gaisuwa

Ni na riga kowa hango rikicin 1987 yana tahowa Kafanchan, ni Arzika mai goro na bakin tashar jirgi. Ban taɓa zama a aji ba, amma mai goro fuska yake karantawa. Tun wata biyu kafin abin ya fashe a kwaleji na lura masu saye sun daina tsayawa hira, a karɓi goro a juya. Na faɗa, aka ce surutuna ne.

Surutu kam ina da shi, har rediyo ta san da zamana. Duk Asabar da hantsi, a filin zaɓi-sonka, sai an karanta katina. Malam Badruddeen mai rubuta wa mutane wasiƙa ke cika mini shi, ina jero sunaye da ka, mutum ashirin da biyu ba tuntuɓe. Na farko kullum Bartholomew ne, mai canja wa jirgi layi, mutumin Manchok. Shekara goma sha ɗaya sunansa na gaban na yayana. Mai karantawa ya gaji da karya harshe ya koma cewa Bato, yadda nake kiransa. Shi kuma Gidan Rediyo yake ce mini, wai ba a iya kashe ni sai batir ya ƙare.

Ranar da gari ya kama, rana tsaka ta riske ni a unguwar da ba tawa ba, da faifan goro a ka. Bato ne ya fizgo ni cikin gidajen ma'aikata, ya cire mini hula, ya sa mini kakinsa, ya damƙa mini jar tuta. Muka bi layin dogo muka ratsa samari masu sanduna, yana ta zagina da ƙarfi wai ni ragon lebura ne. Na iso gida ko ƙwarzane babu.

Da ƙura ta lafa ya yi ritaya ya koma Manchok. A daidai lokacin ƙungiyarmu ta masu gaisuwa za ta zaɓi shugaba, ni kuwa raina na kai. A majalisa wani ya jefo magana cewa akwai mai gaida mutanen can duk Asabar, duniya na ji, mu kuwa toka ba ta huce a shagunanmu ba. Bai kama suna ba. Da na je wurin Malam Badruddeen na ce ya fara daga na biyu. Ya ɗago ya dube ni. Na ce mako ɗaya ne, a gama zaɓe.

Na ci zaɓe, da ma wa zai ja da ni? Mako ɗaya ya zama wata. Ina shirin mayarwa sai kunya, ina shirin cire kunya sai ga rikicin Zangon Kataf. Shekara takwas.

A 1995 na ci karo da matar Bato, Selina, tana sayar da acca a kasuwa. Na tambaye ta lafiyarsa da fara'ata, kamar jiya muka rabu. Ta ci gaba da awo, ba ta dube ni ba.

"Makon farko ya ce lokaci ne ya ƙure wa mai karatu. Na biyu ya ce batir ya yi sanyi. Na uku, Baba, ya ba ƙanensa na Gwantu rediyon."

Washegari na hau motar Manchok. Na same shi gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya. Ya tashi ya ba ni kujera, ya sa aka kawo tuwon acca, ya tambayi iyalina ɗaya ɗaya. Malam Arzika yake ta ce mini. Ni da bakina bai taɓa mutuwa ba, na kama bayani na kasa kai shi ƙarshe. Ya bari na gama kame-kamena, sannan ya tambaye ni.

"Ka dai ci shugabancin?"

Na ce na ci.

"To, madalla. Ubangiji ya sa albarka."

Asabar ta gaba katina suna ɗaya ne a ciki. 'Yan ƙungiya suka yi gunaguni, na bar musu kujerarsu. Na sayi rediyo sabuwa fil na ba direba ya kai masa. Ta dawo cikin kwalinta, da mudun acca uku a kai da saƙon godiya. Shekara uku ina gaida Bato shi kaɗai, Arewa duk ta ji ban da shi. Da daminar 1998 ya rasu. Na tsaya a bakin coci har aka fito da shi.

Yanzu yara na cewa tsoho ya cika ƙari. To, Selina na nan da ranta a Manchok, gida na uku bayan makarantar firamare. Wanda ke musu ya hau mota ya je ya ce Arzika ne ya aiko shi, in ya isa ya zauna ya saurare ta har ta kai aya.